Shekarar da Na Ga Muryar Saratu da Idona

Akwai wata magana da ke yawo a gidan nan, har ta tsallake katanga ta shiga kasuwa, wai Rahila ta dawo daga Jos ta ƙwace shagon ubanta, ta zaunar da tsoho a benci yana korar ƙuda. Na ji ta a bakin jikokina, na ji ta a gidan makoki, har wani dattijon coci ya taɓa riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri, 'ya'yan zamani sai addu'a. Na karɓi jajen, don ni ba na mayar da kyauta. Amma tunda gwiwoyina sun fara yi mini maganar tafiya, gara in sa a rubuta muku yadda abin ya faru, kada in wuce in bar 'yata da sunan da ba nata ba. Benci dai ina zaune a kansa, wannan gaskiya ne. Ƙudan ma akwai su. Sauran ne ƙarya.

Kun san ban yi nisa a boko ba. A aji uku na tsaya, ajin ukun ma malamin aji biyu ne ya gaji da ni ya tura ni gaba. Daga nan babana ya sa ni a injin niƙa a bakin kasuwar Kafanchan. Na yi shekaru ina zuba masara da dawa, injin yana ihu a kunnena daga safe har yamma, ni kuma ina yi masa waƙa. Da na ɗan tara ƙarfi na sayi tsohuwar amfilifaya da lasifika biyu, na shiga bin bukukuwan aure da tarukan coci, Kagoro, Zonkwa, har Kwoi, kullum kaina a jikin lasifika kamar mai sauraron sirri. Daga baya na buɗe ɗan shagon kwano ina ɗaukar waƙoƙin mawaƙan coci da na zumuntar mata a kaset. A nan na yi suna. Ba mai ce mini Dogara kawai, sai Dogara Kunne. In aka yi gardama a kan wace ƙungiya ta fi murya, sai a ce a kai wa Kunne. Ni da ko sunana sai na yi zufa nake rubutawa, sai ga fastoci masu digiri suna tsaye suna jiran in gyaɗa kai.

Sirrina guda ɗaya ne, kuma yau zan tona shi kyauta. Kacau-kacau. Idan mata suka jeru da tulu da ganga da kacau-kacau, ni kunnena yana kan na ƙarshen nan. Akwai maɓalli a jikin miksa, wato akwatin da ake haɗa muryoyi da kiɗa, ana ce masa tirebul, shi ke ƙara siririn sauti. Sai in dinga murɗa shi a hankali har kacau-kacau ya ɗan ciji kunnena, kamar yadda yaji ke taɓa bakin harshe bai kai ga sa hawaye ba. Da ya cije ni, aiki ya nuna.

Uwarku Saratu ita ke ba da waƙa a zumunta a lokacin. Tana da wata ɗabi'a, kafin kowane baiti sai ta ja iska ta tsakanin haƙoranta, siit, kamar wadda ta taka ƙaya. Na sha tsokanarta a kan haka, ina cewa zan cire mata haƙori ɗaya iskar ta samu hanya. Ranar da muka ɗauki kaset ɗin da ya fi duk wanda na taɓa yi, muka saurara tare a shago, sai ta buɗe jakarta ta ɗauko janfarce, ta ɗiga ɗigo ɗaya daidai inda maɓallin ya tsaya.

"Ga shi nan, Baban Rahila. Ko ka sha burkutu ka manta hanyar gida, wannan kada ka manta shi."

"Ni da na daina sha?"

"Ka daina saya dai."

Bayan 'yan shekaru sai na ji kacau-kacau ya yi sanyi. Na ƙara murɗa maɓallin kaɗan har ya cije ni, na karɓi janfarcen na ɗiga sabon ɗigo a gaban na farko. Haka aka yi ta tafiya. Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, aka koma memori, Saratu ta tafi gida wurin Ubangiji ta bar mini kwalbar janfarcen, ni kuma ina ta ɗigawa. Ɗigo bakwai suka jeru a kan miksa, suna tafiya dama kamar tururuwa. Kuma kowane ɗigo da wanda na ɗora wa laifi. Matan yanzu ba su cin tuwo, ba sa girgiza kacau-kacau da ƙarfi. Kayan zamani jabu ne. Mafi yawan laifin kuwa a kan tuwita ya faɗa, ƙaramar lasifikar nan da ke fitar da siririn sauti. Duk shekara sai in ciro ta in kai wa Malam Sale mai gyaran rediyo, abokina tun muna yara, wanda kakanninsa suka zauna a kasuwar nan tun kafin a haifi babana.

"Dogara, wannan tuwita lafiyarta ƙalau."

"Sale, kai da kunnenka bai san komai ba sai ƙarar ƙarfen walda, me ka sani a sauti? Ba ni sabuwa."

"To. Kunne ya yi magana, wa zai ja?"

Har gyare bai tsira daga bakina ba. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa maganin ciyawar da manoman citta ke fesawa ya kashe gyare a ƙasarmu, don da can in yamma ta yi da damina gari ɗauka yake da kukansu, yanzu kuwa shiru. Mutane sukan kalli juna su ce, "Haka ne, Baba." Ni kuma in ji daɗi na faɗi abin hikima.

A daminar shekarar da nake ba ku labari, citta ta yi kore shar a gonaki, Rahila ta dawo daga Jos da laftof da wasu manyan belun kunne irin na matuƙin jirgin sama. Wai kiɗa take yi, amma babu makaɗi. Sai ta ɗauki bugun tulu guda ɗaya tak, ta yanka shi, ta jera shi sau ɗari, ta zuba masa wani dum-dum da kwamfuta ke haifarwa a ƙarƙashi, samari su yi ta rawa a Jos da Kaduna. Da ta kunna mini na ce wannan ai injin niƙana ne ya je birni ya koyo rawa. Ta yi dariya, ba ta ji haushi ba. Halin uwarta ne.

Ba a yi sati biyu ba sai ga Mama Tabita, shugabar zumuntar mata, ta zo shago. Ta gaishe ni, ta tambayi gwiwa, ta tambayi awaki, ta tambayi rufin shago ko yana yoyo. Da na ga gaisuwa ta yi tsawo na san akwai kaya a bayanta. Ashe babban taron zumunta na gundumarmu ya matso, suna son sababbin waƙoƙi, kuma suna son Rahila ta sa musu irin kiɗanta a ƙasa, ko 'yan mata za su daina gudun zumunta suna cewa ta tsofaffi ce.

"Kuma, Baban Rahila, mun ce ko yarinyar za ta ɗan sa hannu a wurin haɗawa. Don ka huta."

"Na ce miki na gaji?"

"A'a, ba ka ce ba."

"To ta zuba kiɗanta. Haɗi kuwa, in dai ina numfashi, a garin nan mutum ɗaya ke yin sa."

Aka ɗauki waƙoƙi, Rahila ta zuba dum-dum ɗinta, ni kuma na zauna kwana uku a kan miksa ina haɗawa. Kacau-kacau ya ƙi cizo, sai da na wuce ɗigo na bakwai. Ranar da na gama, da hantsi, ana yayyafi, na kira ta na ce ta zo ta ji yadda manya ke aiki. Ta sa belun kunnenta, na kunna. Ko baiti ɗaya ba a gama ba ta fizge su daga kanta, idonta ya kawo ruwa. Na ɗauka daɗi ne ya ratsa ta.

"Baba, da me kake gwada aikinka in ka gama?"

"Da kunnena. Da me kuma?"

"Ka tuna lokacin da Mama ke sayar da acca? In ta sayi sabon mudu, me take yi?"

"Takan gwada shi da tsohon mudun kakarki."

"Don me?"

"Don mudu yakan lotse mai shi bai sani ba."

Na faɗa da bakina kafin in gane inda ta nufa da ni. Ta ce su a aikinsu ba wanda ke sakin waƙa sai ya ajiye ta kusa da wata waƙar da ya tabbata an haɗa ta da kyau, ya ji wannan, ya ji waccan, ya koma, ya dawo. Refarens suke ce mata. Ni na sa mata suna waƙar mudu. Na ce ba zan gwada aikina da na wasu yaran da ba su taɓa ganin tulu ba. Ta ce to in zaɓi mudun da kaina. Na miƙe da girman kai na buɗe akwatin ƙarfe, na ɗauko kaset ɗin Saratu. Na gargaɗe ta cewa ya tsufa, yanzu in na kunna shi kamar an lulluɓe mata da bargo suke waƙa, amma duk da haka ya ishe ta darasi.

Ta juye kaset ɗin a kwamfuta. Kafin ta kunna, sai da ta daidaita ƙarar biyun, kada ɗaya ya fi ɗaya. Ta ce wanda ya fi ƙara kullum shi kunne ke ba gaskiya ko da ba shi da ita. Na ce wannan na sani, na yi shekara ashirin a majalisar dattawan coci. Sai ta buɗe wani baƙin fili a kan gilashin kwamfutar, ta ce in matso da kujera.

'Ya'yana, na ga abubuwa a rayuwa. Na ga ranar da aka fara kunna talabijin a unguwarmu, na ga waya ta zama ta aljihu. Amma ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi irin ta ranar nan ba. Tana danna maɓalli, sai wani koren zare ya miƙe daga ƙasan gilashin, ya kumbura, ya zama tudu. Tudun yana numfashi. Rahila ta sa yatsa tana nuna mini. Hagu, in ji ta, gidan sauti mai kauri ne, can tulu yake. Na duba, duk bugun tulu sai gefen hagun ya yi tsalle kamar ƙirjin mutum. Tsakiya gidan muryoyi ne. Dama kuwa gidan siraran abubuwa ne, kacau-kacau da makamantansa. Dukan zanen ya tashi da tsawo a hagu ya gangaro a hankali zuwa dama, kamar dutsen Kagoro in ka hango shi daga hanya bayan an ɗauke ruwa. Sai Saratu ta ɗaga murya. Tsakiyar tudun ta fashe da 'yan tsaunuka, jere, suna hawa tare suna sauka tare, in ta ja murya su tsaya suna rawar jiki, in ta sauke su kwanta. Shekara bakwai ke nan da muka rufe ta da ƙasa a bayan coci, ga ta nan tana motsi a gabana. Abin da na yi rayuwata ina cewa iska ne, ba a kama shi, ba a ganinsa, ashe yana da jiki, yana da kafaɗa, yana da inda yake zaune. Na cire hulata ban san na cire ba.

Rahila ta bar ni na kalla har waƙar ta ƙare. Sannan ta ɗauko wata waƙar rawa daga cikin nata mudun, wadda ta ce manyan masu haɗi na ƙasar waje suka yi, ta ɗora zanenta a kan na Saratu. Nasu ya fi kumburi a can ƙarshen hagu, saboda dum-dum, kuma ya ɗan fi haske a dama, ta ce ai kaset yakan ci siririn sauti kaɗan. Amma gangaren ɗaya ne. Kamar wa da ƙane.

"Ka gani, Baba? Abin da suke yi da injuna cike da ɗaki, kai ka yi shi da kunne a shagon kwano."

Na gyara zama. Na fara shirya yadda zan ba Sale labari. Sai ta ɗora aikina na kwana uku, da jan zare. A hagu ja ya bi kore, a tsakiya ma suna tafe tare kamar masu zuwa coci. Da aka iso dama, inda kore ya gangara, sai ja ya miƙe sama ciɓir kamar ƙarfen sabis, har ya kusa fita daga gilashin.

Na ce kwamfutarta maƙaryaciya ce. Na ce an yi ta ne a ƙasar da ba a san kacau-kacau ba. Ba ta yi musu ba. Ta ce za ta kunna wani sauti guda, zai fara da kauri ya dinga sirancewa, in ɗaga hannu, in na ji ya ƙare in sauke. Karenmu Barsu yana kwance a ƙofar shago yana fakewa ruwa. Sauti ya fara kamar kukan saniya, ya zama na akuya, ya zama fito, ya zama sauro, sai ya mutu. Na sauke hannu. Amma a kan gilashin wani siririn sanda yana nan tsaye, yana ci gaba da tafiya dama. Rahila ta runtse ido ɗaya. Barsu ya ɗaga kunnuwa, ya yi ƙara, ya miƙe ya fita cikin ruwa. Karen da ko wanka sai an ɗaure shi, ya zaɓi ruwan sama a kan abin da ni nake ce wa shiru.

Na ce a sake, ban shirya ba. Wannan karon na juya wa gilashin baya don in nuna jarumtaka, na ɗaga hannu na ƙi saukewa, ina gyaɗa kai kamar mai jin daɗin abu.

"Baba."

"Yi shiru, ina ji."

"Baba, na kashe tun ɗazu."

Da yamma, ruwa ya ɗauke, rana ba ta gama faɗuwa ba, ta ɗauki makirfo ta miƙa shi ta taga wajen ciyawar bayan shago. Ni dai shiru nake ji, sai kukan wata akuya can nesa. Amma gefen daman gilashin ya cika da walƙiya, ɗaruruwa, suna tashi suna faɗuwa ba hutu. Na tambaye ta mene ne wannan. Ta ce gyare ne. Ashe suna nan. Duk shekarun da nake yi musu makoki a bakin kasuwa, suna bayan shagona suna ta biki. Ashe duniya bene ce, akwai hawa na sama cike da masu rai suna ta yabon Mahaliccinsu, ni ne aka sauko da ni ƙasa a hankali, tsani ɗaya bayan ɗaya, ban ko ji ƙarar rufe ƙofa ba. Ban yi kuka ba. Tsoro na ji, irin wanda mutum ke ji in ya tsaya a bakin ruwa mai zurfi, da wani irin murna a cikinsa, don abin da na ɗauka ya mutu yana raye.

Washegari na je wurin Sale, ban gaya masa komai ba, na ce dai ina tsofaffin tuwitocina. Ya shiga ciki ya jawo kwali. Ga su nan a jere, kowace a naɗe da takarda. Ya ce guda biyu ba sa nan, suna jikin rediyon shagonsa, shekara huɗu suna aiki.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na gaya maka sau bakwai, Dogara. Kai ka ce ni ne kurma."

Rahila ce ta kawo mafita, kuma ga inda nake so ku buɗe kunnuwanku, ku da kuke da su. Ta ce in ci gaba da zama a kan miksa. In na gama na tafi cin abinci, ita za ta zauna da waƙar mudu da gilashinta ta sauke siririn sautin da na cika, ba wanda zai sani. Suna nawa, kujera tawa.

"Abeg, Baba, kada ka ce a'a. Ni suna bai dame ni ba."

Kuna tsammani na ƙi? Na karɓa da hannu biyu. Har na ƙara mata shawara cewa ta dinga rufe ƙofa.

Ranar Laraba aka tara mata a harabar coci da la'asar don su ji waƙoƙinsu kafin taro, bayan Rahila ta yi gyaranta a ɓoye. Na kafa lasifika, na tsaya a bayan miksa da babbar rigata, na kunna. Ni a kunnena abin ya yi dishi-dishi, kamar an cusa shi a tulu. Amma na ga fuskoki suna buɗewa. Mama Tabita ta karkata kai, ta saurara, sai ta sa yatsa a ƙarƙashin ɗankwalinta ta zaro auduga daga kunnen dama, ta zaro ta hagu. Ta kusa da ita ta yi haka. Ta bayanta ma. Kafin waƙar farko ta ƙare, mata kusan talatin suna riƙe da auduga a hannu, suna guɗa, suna rawa. Da na kashe, Mama Tabita ta ɗaga hannu sama.

"Yabo ga Ubangiji! Kunne ya dawo! Baban Rahila, mun yi ta addu'a a kanka, yau ga amsa!"

Suna ya dawo hannuna cikakke, har da riba. Abin da ya rage mini kawai in ce amin. Na buɗe baki in faɗa, sai idona ya faɗa kan audugar nan. Shekara nawa matan nan suna zuwa shagona da auduga a ƙarƙashin ɗankwali, ina soka musu allura a kunne, ina kuma yi musu faɗa su girgiza kacau-kacau da ƙarfi, su kuma suna cewa an gode, Baba? Sai na hango Rahila can baya tana naɗe waya a gwiwar hannu, kanta a ƙasa, tana murmushi. Na ga ita ma audugarta ta sa. Za ta sa ta shekara biyar, ko goma, tana jira tsoho ya tafi cin tuwo ta shiga ta gyara ɓarnarsa a ɓoye kamar ɓarauniya, har ranar da za a binne ni da sunan da ita ta yi wa aiki.

Na ɗauki makirfo. Na ce, "Iyayena mata, ku mayar da amin ɗinku, Kunne bai dawo ba. Kunne ya tafi tun tuni, ya bar Dogara yana gadin shago." Na gaya musu komai, da ɗigon janfarce, da kare, da hannun da na bari a sama. Da na zo kan gyare dariya ta ɓarke, wata har ta zauna a ƙasa. Na ce wannan aikin da kuka yi wa guɗa, ga mai shi can tana naɗe waya. Na kira ta, na cire makullin shago daga aljihuna na sa a hannunta. Ta ƙi rufe hannun, sai da na rufe mata shi da nawa.

Mama Tabita ta share ido da bakin zane, ta dube ni.

"To audugar fa, mu zubar?"

"Ku ajiye. Har yanzu ina cikin mawaƙan maza."

Mata ne kaɗai a wurin ranar, shi ya sa maza suka ƙirƙiri nasu labarin. Laifina a ciki shi ne na ji daɗin jaje, na yi shiru. Ba mai kirana in raba gardama yanzu. Yaran da ke tasowa Baba Dogara kawai suka sani, kuma ba zan ɓoye muku ba, wannan ya yi mini ciwo fiye da gwiwa. Amma ba ƙuda kaɗai nake kora a bencin ba. Hawa na ƙasa na benen har yanzu nawa ne. Nakan ɗora tafin hannu a jikin babbar lasifika, in tulu da dum-dum ɗin Rahila suka hau kan juna sai in ji su a ƙashina, in ce mata mutanen nan faɗa suke. Ta duba gilashi ta ga lallai kujera ɗaya suke takara, ta matsar da ɗaya. Ita ma takan ce gilashin ba ya haɗa waƙa, shaida kawai yake bayarwa. Maɓallin tirebul kuwa na mayar da shi da hannuna kan ɗigon farko. Sauran shidan ban goge su ba, don in girman kai ya motsa in ƙirga.

Wata rana da rana tsaka, babu aiki, na ce ta sake kunna mini kaset ɗin uwarta da gilashin. Ina kallo, sai na lura da wani abu can gefen dama, unguwar da aka kore ni. Kafin kowane baiti, lokacin da tsakiya take kwance shiru, wani ɗan haske yakan yi tsalle sau ɗaya ya ɓace, sannan murya ta tashi. Na nuna da yatsa na ce ko kaset ne ya lalace a nan. Rahila ta sa belun kunnenta, ta mayar baya, ta saurara. Ta daɗe ba ta cire su ba.

"Mama ce, Baba. Iska take ja ta haƙoranta."

Ban ƙara jin wannan siit ɗin ba, kuma ba zan ƙara ba sai mun haɗu. Amma duk ranar Lahadi bayan sujada Rahila takan buɗe mini shago, ta kunna, ta fita ta ba mu wuri. Nakan jawo kujera kusa da gilashin in kafa ido a gefen dama. Na san daidai inda hasken zai tashi. In ya tashi, nakan ja iska tare da ita.